Tudun Akokan: wa zai gaji wannan sharar bayan kowa ya tafi?

Ɗan Akokan:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, tun da gwamnatin Nijar ta karɓe SOMAIR, kamfanin haƙar yuraniyom na Arlit, a watan Yunin 2025 kowa murna yake yuraniyom ɗinmu ya dawo hannunmu, to madalla ni ma na yi murnar, amma maganar abin da aka bari a ƙasa ba kasafai ake yinta ba. Duk wanda ya san Arlit ya san in ka fito ta wajen Akokan za ka hango wani tudu kamar tsauni, to ba tsauni ba ne, tukar da ta rage ce bayan an niƙa dutse an tace yuraniyom. COMINAK, mahaƙar yuraniyom ta Akokan, ta rufe ranar 31 ga Maris 2021 bayan sama da shekara 40 tana haƙa, ta fitar da kusan tan dubu 75 na yuraniyom, tukar da ta rage kuwa tan miliyan 20 ce, ta cinye hekta 120, wani wurin tsayinta ya kai mita 35. Mu da muka tashi a can in iska ta taso da la'asar za ka ga iyayenmu mata na gudu suna rufe randuna da tukwane, ka share tsakar gida da safe kafin azahar ta sake cika, ban ce duk ƙurar daga tudun take ba don hamada ce, amma wlh tun da na girma na san mene ne a cikin tudun nan ban sake kallon ƙura yadda nake kallonta da ba. Tambayata ga masana doka da ke cikin gidan nan, a shari'a tudun nan na wa ne, kuma nan da shekara ɗari wa zai kula da shi?

Maman Ummi:
Wa alaikumus salam. Innalillahi, tan miliyan 20? Ɗan'uwa kuma mutane na zaune kusa da shi da yaransu?

Ɗan Akokan:
Hajiya kilomita kaɗan ne tsakaninsa da gidajen mutane. Kamfanin Orano na Faransa da ya gudanar da mahaƙar ya ce zai lulluɓe shi da yumɓu da duwatsu kaurin mita 2, aikin gyaran wurin gaba ɗaya an sa masa kusan miliyar 95 na sefa, wajen shekara goma. Ni ba rufin nake ja da shi ba, abin da zai biyo bayan shekara goman ne damuwata.

Sadaukin Tawa:
Wane irin rufi kuma? Su taho su kwashe kayansu su kai Faransa tunda can anka sha wutar. Shekara hamsin manyan motoci na ɗauko hodar yuraniyom daga Arlit su bi ta gabanmu nan Tawa su sauka Kwatano a loda ma jirgi, mu muna bakin hanya muna kallo, ƙauyukanmu ko ƙwan lantarki guda babu. Wanda ya ci ladan kuturu shi ka yi mai aski. Gwamnati ta yi doka kawai, duk wanda ya haƙa shi kwashe dattinai shi tahi da shi, magana ta ƙare.

Injiniya Zariya:
Malam Sadauki na fahimci zafin da kake ji kuma kana da gaskiya a kan wa ya kamata ya biya, amma bari mu raba abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Akwai sharar da ke fitowa daga tashar nukiliya, wato sandunan makamashi da suka gama aiki, wannan ba ta da yawa amma ƙarfinta ya kai ta kashe mutum in ya tsaya kusa babu kariya. Sai kuma tukar ma'adini irin ta Akokan, ita tururinta, wato ƙarfin nukiliyar da take fitarwa wanda ido ba ya gani, bai kai na waccan ba ko kusa, matsalarta yawa da daɗewa. In an tace yuraniyom ai shi kaɗai ake cirewa, 'yan uwansa da ke cikin dutsen suna nan, shi ya sa wajen kashi 80 cikin ɗari na tururin da ke cikin dutsen asali yake zama a tukar. Akwai radiyom da sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, akwai toriyom mai shekara wajen dubu 75, kuma su ne suke ta haifar da iskar radon wadda ba ta da wari ba ta da launi amma an tabbatar tana jawo kansar huhu. Yanzu maganar kwashewa, ka ce kowace tirela ta ɗauki tan 40, tirela dubu 500 kenan, su bi hanyar Agadas da Tawa da Doso suna zubar da ƙura a kowane gari, ka ga an yaɗa ciwon ne maimakon a tsare shi wuri ɗaya.

Sadaukin Tawa:
To Injiniya kenan mu rungume hannu? Su sun ci nama mu an bar mu da ƙashi.

Ɗaliba a Faransa:
Yaya Sadauki ko da an samu motocin ma dokarsu ta riga ta rufe ƙofar. Dokar Faransa ta 2006 kan sharar nukiliya ta haramta a ajiye sharar wata ƙasa a cikin ƙasarsu, hatta sandunan da wasu ƙasashe ke kawowa a sarrafa musu, in an gama sai a mayar musu da dattinsu. Wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai da na karanta, su sun zauna sun rubuta ƙarara cewa ƙasarmu ba juji ba ce. Amma don adalci, su ma tasu tukar ba su kai ta ko'ina ba. Sun haƙi yuraniyom a ƙasarsu har 2001 da aka rufe mahaƙa ta ƙarshe, suna da wajen tan miliyan 50 a wurare 17, kuma rufe ta suka yi a inda take. Bambancin shi ne can akwai hukuma mai haƙori, akwai ɗakunan gwaji masu zaman kansu, mutumin ƙauye zai iya ɗibar ruwan rafinsu ya aika a auna ya kai ƙara kotu. CRIIRAD, ƙungiyar Faransa mai zaman kanta mai auna tururi, da ta zo Arlit a 2003 ai a kan mahaƙansu na gida ma ta daɗe tana faɗa da kamfanin.

Ɗan Akokan:
Ƙanwata kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Mu duk abin da muka sani game da garinmu daga bakin baƙi muka ji shi. CRIIRAD ce ta gano ƙarafa masu tururi ana sayarwa a kasuwar Arlit, ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ce ta zo a Nuwamban 2009 ta auna wani wuri a kan titin Akokan ta samu tururi kusan ninki 500 na yadda ya kamata, sannan aka zo aka kwashe. Ba don Almoustapha Alhacen da ƙungiyarsu ta Aghir In'Man sun dage sun gayyato su ba da har yau shiru kake ji.

Barista Kaduna:
Salam. Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki ta ɓangaren doka. Mu a Afirka dokokinmu na shara an rubuta su ne saboda tsoron abin da za a kawo mana daga waje, kuma akwai dalili. A 1988 aka gano ganguna dubbai na dagwalon masana'antu daga Italiya an jibge a wani fili a garin Koko, jihar Bendel ta lokacin, Delta a yanzu, sama da tan 3,500. Gwamnatin Babangida ta janye jakadanta daga Rum, aka tilasta wa Italiya ta kwashe, a shekarar kuma aka kafa dokar soja mai lamba 42 wadda ta ce duk wanda ya shigo da shara mai guba ɗaurin rai da rai ne. Daga nan ƙasashen Afirka suka ga yarjejeniyar Basel ta 1989 ba ta ishe su ba, don ita ma ba ta haɗa da sharar nukiliya ba, sai suka yi tasu a Bamako a 1991 wadda ta hana shigo da kowace irin shara mai guba nahiyar har da mai tururi, ta fara aiki a 1998. To amma ku lura, duk wannan ƙofar gida ake gadi. Tudun Akokan ba a jirgi ya zo ba, a nan aka haife shi, da lasisin gwamnati, kuma gwamnatin Nijar ta hannun kamfaninta na ma'adinai SOPAMIN tana da kashi 31 a COMINAK, mutanen Japan da Sipaniya ma sun riƙe hannun jari a ciki. Don haka Bamako ba za ta cece mu a nan ba.

Sadaukin Tawa:
Barista kashi 31 ɗin nan a takarda ne, wa ke riƙe da makulli? Wa ke yanke farashi? Kada a zo a raba muna laihi daidai da wanda ya kwashe riba.

Barista Kaduna:
Ranka ya daɗe ban ce a raba daidai ba. Wanda ya gudanar da aikin shi ne kan gaba wajen biya, wannan ƙa'ida ce da duniya ta yarda da ita, wanda ya ɓata shi ke gyarawa. Abin da nake jan hankali a kai shi ne SOMAIR da aka karɓe ita ma tana da nata tarin tukar tun 1971 ake zubawa, kuma wanda ya gaji gida ya gaji har da bashin da ke kansa sai in an rubuta akasin haka. Yanzu ana shari'a tsakanin Orano da Nijar a kotun sasanta rikicin zuba jari, kowa na maganar hodar da ke ajiye da kuɗinta, ni a ganina ya kamata lauyoyin Nijar su sa kuɗin kula da tukar nan a saman lissafi, don in aka rabu ba a rubuta ba to ta zama ta talakan Arlit.

Talaka Bawan Allah:
Ku yi haƙuri fa amma ni gsky ina ganin wannan zancen 'yan boko ne. Mutum bai ci na rana ba, ba wuta ba tsaro, zazzaɓin cizon sauro na kashe yara kullum, ku kuna lissafin shekara dubu 75. Wa zai kai lokacin? Allah ne mai tsarewa.

Malamin Lakkol Maradi:
Ɗan'uwa Allah ne mai tsarewa, babu ja, amma Shi ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Kuma ba zancen shekara dubu ba ne kawai, zancen ruwan da yaro zai sha gobe ne. Arlit ba ta da gulbi, ruwan ƙarƙashin ƙasa suke sha wanda ya taru tun zamanin da hamada ke da damina, in ya gurɓace babu wani da za a canza da shi. Ka tuna Zamfara a 2010, gubar dalma ce ba nukiliya ba, amma darasin guda ne, mutane na niƙa dutsen zinariya a tsakar gida don neman na abinci, yara sama da 400 sunka rasu kahin a gane mi ke faruwa. Su ma da an yi musu maganar da wuri ƙila su ce zancen 'yan boko ne. Talaka shi ne na farko da irin wanga abu ke kamawa, mai kuɗi ruwan gora yake sha.

Talaka Bawan Allah:
Malam na ji, Allah ya ji ƙan yaran nan. Ni dai tsorona kar a kafa wata hukuma a zuba kuɗi a cinye, tudun na nan inda yake.

Injiniya Zariya:
Wannan tsoron naka shi ne ainihin muhawarar ko a ƙasashen da suka ci gaba. Ku dubi Amurka. A garin Moab na jihar Yuta wani kamfani ya tara tukar yuraniyom tan miliyan 16 a bakin kogin Kolorado, a 1998 ya ce ya karye, kuɗin da ya ajiye na gyara bai kai ko'ina ba, dole gwamnatin tarayya ta ɗauka, a 2009 aka fara jigilarta a jirgin ƙasa zuwa wani rami da aka shirya wajen kilomita 50 daga kogin, da kuɗin harajin jama'a. Jamus bayan haɗewa ta gaji mahaƙan yuraniyom na kamfanin Wismut a gabas, ta kashe sama da Yuro biliyan 6 tana gyara. Waɗannan masu kuɗi ne sun iya ɗauka. Mu in kamfani ya tafi ko ya karye wa zai ɗauka? Ga Gabon nan kusa, Mounana, an rufe mahaƙa a 1999, daga baya aka gano gidajen da aka gina da kayan da ke fitar da tururi sai da aka rushe aka sake wasu. Rufin mita 2 yana rage radon da ƙura sosai, ba ƙarya ba ne, amma rufi abu ne da ke son mai duba shi, iska na zaizaya, ruwan sama a Ayar ba ya yawan zuwa amma in ya zo da ambaliya yake zuwa, in ya tsaga wuri ɗaya ba a gyara ba shi kenan an koma gidan jiya.

Maman Ummi:
Injiniya to mu mata me za mu gane a nan? In mace na zaune a irin garin nan tana da ciki ko goyo, ta yaya za ta san ruwan famfonta lafiya yake?

Injiniya Zariya:
Hajiya da ido ko da ɗanɗano ba za ta sani ba, tafasawa ma ba ta cire yuraniyom ko radiyom daga ruwa, sai an auna a ɗakin gwaji. Shi ya sa ni in da za a tambaye ni abu ɗaya da za a sa a doka, to a wajabta auna ruwa da iska a kai a kai, wanda ba ma'aikacin kamfani ba ya auna, a liƙa sakamakon a ofishin magajin gari da asibiti, a karanta a rediyo da Hausa da Tamashek. Nijar na da hukumar sa ido kan nukiliya ARSN, Najeriya na da irinta NNRA da dokar 1995 ta kafa ta fara aiki a 2001, hukumomin suna nan, abin da ake buƙata su samu kayan aiki da 'yancin faɗin abin da suka gani ko da bai yi wa gwamnati daɗi ba, musamman yanzu da gwamnati ita ce mai haƙar kuma ita ce mai sa ido.

Ɗan Jos:
Ku da kuke ta maganar Nijar, mu nan Filato namu ya fi shekara ɗari. Tun zamanin Turawa ake haƙar kuza, suka tafi suka bar kududdufai da tarin yashi ko'ina daga Bukur har Barikin Ladi. Yashin nan akwai wani ma'adini monazayit a ciki mai ɗauke da toriyom, masu bincike na jami'o'i sun sha aunawa suna rubutawa. Ni da idona ina yaro mun yi wasan zamiya a kan tarin nan, baƙin yashi mai nauyi mai sheƙi, muna cika aljihu da shi, kuma na ga ana ɗibarsa a tifa ana yin bulo da filasta don ya fi arha. Ba wanda ya taɓa ce mana komai. Dokar ma'adinai ta 2007 ta yi maganar asusun gyaran muhalli da masu haƙa za su riƙa zuba kuɗi, amma kamfanonin da suka tara wancan yashin sun watse tun kafin a haife ni, wa za ka kama?

Barista Kaduna:
Ɗan Jos ka ba da amsar tambayar Ɗan Akokan ba tare da ka sani ba. Abin da Filato ke ciki yau shi ne abin da ke jiran duk garin da aka bari sai an gama haƙa sannan a nemi kuɗin gyara. Kuɗin tun ranar farko ake karɓa, kan kowane tan da ya fita, a sa a asusun da kamfani ba zai taɓa ba, minista ma ba zai taɓa ba.

Ɗaliba a Faransa:
Haka Finlan ta yi Barista. Kamfanonin wuta ke zuba kuɗi a asusun gwamnati tun suna aiki, a 1994 suka gyara doka cewa shararsu ba za ta fita ba ta wani ba za ta shigo ba, kuma ƙaramar hukuma na da ikon ta ce ba ta so a binne sharar a yankinta. Mutanen Eurajoki suka yarda, majalisar ƙasa ta amince a 2001 da ƙuri'a 159 da 3, aka haƙa ramin ajiyar shara mai suna Onkalo cikin dutse zurfin sama da mita 400, za a sa sandunan cikin tukwanen tagulla a kewaye da yumɓu, da niyyar su zauna shekara dubu 100. Nan Faransa kuwa aikin irin wannan rami mai suna Cigéo a ƙauyen Bure, mita 500 cikin laka, tun dokar 1991 ake tafiya har yau ana zanga-zanga ana zuwa kotu.

Injiniya Zariya:
Amurka kuma ta nuna yadda ake ɓata abu. Dokar 1982 ta ce a binciki wurare da dama, a 1987 majalisa ta tsallake ta ce dutsen Yucca a Nebada kawai, jihar da ko tashar nukiliya ɗaya ba ta da ita. Mutanen jihar suka ƙi, Sanata Harry Reid ya yi ta yaƙi, zamanin Obama aka yanke kuɗin aikin. An karɓi kuɗi a hannun masu shan wuta shekara da shekaru, asusun ya haura dala biliyan 40, gwamnati ta yi alkawarin fara karɓar sharar a 1998 ta kasa, yanzu diyya take biyan kamfanoni, sandunan kusan tan dubu 90 na zaune a harabar tashoshi. Kuɗi akwai, ilimi akwai, yardar mutanen wurin ce babu. Jamus ma ta zuba ganguna dubu 126 a tsohon ramin gishiri na Asse, ruwa ya fara shiga, a 2013 suka yi doka a sake fito da su. Ina kawo waɗannan ne don Najeriya ta sa hannu da Rosatom, kamfanin nukiliya na Rasha, a 2017 kan gina tashar nukiliya, an ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom, kowa na maganar megawat. Mu abin da muka taɓa riƙewa ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike ce ta cibiyar binciken makamashi CERT a nan Zariya mai kilowat 30, ita ma da aka canza mata makamashi a 2018 tsohon Chaina aka mayar. Tashar wuta ba haka take ba, kafin a aza tubali ya kamata majalisa ta rubuta ina sharar za ta, wa zai biya, kuma mutanen wurin na da ikon cewa a'a ko babu.

Sadaukin Tawa:
To ni har yanzu ina kan bakana, Faransa ta biya. Amma na yarda kwashewa ba ta yiwuwa. Su zuba kuɗin a asusun da Barista ya ce, kuma 'yan Arlit su zauna cikin masu riƙon makulli, ba a yi shi a Yamai a ce an yi ba.

Ɗan Akokan:
Yaya Sadauki a nan mun haɗu. Ni abin da ya sa na ɗaga maganar, ma'aikata wajen 600 ne suka rasa aiki ranar da aka rufe, ban da 'yan kwangila, da yawa sun koma garuruwansu, Damagaram, Maradi, Tawa, in wani ciwo ya taso musu bayan shekara goma sha biyar wa ke da sunayensu, wa ke bibiyar lafiyarsu? Wannan ma doka ce ya kamata ta riƙe shi ba alherin kamfani ba.

Mai Gwangwan Kano:
Salamu alaikum, ku gafarce ni na shigo a makare, tun ɗazu nake karantawa gabana na faɗuwa. Ni sana'ata gwangwan, muna sayen tsofaffin ƙarafa a kilo. Sati biyu da suka wuce cikin wani lodi da yarana suka kawo akwai wani abu kamar ƙaramar tukunyar gas amma gajere, nauyinsa ya fi ƙarfin girmansa sai da mutum biyu suka ɗaga, fentinsa rawaya ya kankare, a jikinsa akwai ɗan faranti da zane kamar fanka mai fuka-fuki uku. Yaron ya ce dalma ce a ciki mu fasa mu sayar daban don ta fi tsada, na ce a bari sai an samu lokaci, yana nan a bayan shago ƙarƙashin tarin rodi. Injiniya don Allah wannan zanen shi ne wanda kuke magana?

Injiniya Zariya:
Alhaji don girman Allah kar a fasa, kar a sa masa guduma ko wutar walda, kar kowa ya sake ɗaga shi. Zanen nan alamar tururi ce, nauyin da ka ji kuma dalmar da ke tsare abin da ke ciki ce, irin su ake amfani da su a asibiti da wajen gwajin bututu da aikin titi. Yana iya zama fanko, yana iya zama da abu a ciki, ba mai sani sai an auna. A Goyaniya ta Brazil a 1987 daidai haka ta faru, masu tsintar ƙarfe suka ɗauko kan injin gashin ciwon daji daga asibitin da aka yashe suka sayar wa mai gwangwan, aka fasa aka ga hoda mai shuɗin haske, mutane suka riƙa shafawa suna kai wa iyali, mutum 4 suka mutu har da yarinya 'yar shekara 6, sama da 240 suka gurɓata, sai da aka auna mutum dubu 112 aka rushe gidaje. Ka janye yaranka daga wajen, ka kewaye da igiya nesa da shi, ka sanar da NNRA da 'yan sanda, ka rubuta sunayen duk wanda ya taɓa shi. In wani cikinsu na amai ko ya ga kamar ƙuna a hannu ya tafi asibiti yau, ya faɗa wa likita abin da ya taɓa.

Barista Kaduna:
Alhaji kar tsoron hukuma ya sa ka jefar da shi a bola ko ka sayar wa wani, nan ne laifi zai hau kanka. Wanda ya kai rahoto da kansa matsayinsa daban. Ka ɗauki hoto daga nesa, ka tuna ranar da aka kawo da inda yaran suka saye shi, in kana son wanda zai raka ka ka yi mini magana ta gefe.

Maman Ummi:
Ya Salam. Alhaji yara masu tallan abinci na shiga wajen? A hana su don Allah.

Mai Gwangwan Kano:
Hajiya suna shiga, mai awara ma a bakin wajen take zama. Yanzu na taso daga gida na zo, na sa an rufe ƙofar baya da kwaɗo, na ce mata ta koma tsallaken titi, yaran biyu da suka ɗaga na kira su suna hanya, sun ce lafiyarsu ƙalau amma gobe tare za mu je a duba su. Barista na turo maka saƙo.